Yadda za ka sauya mariƙin sandar golf da hannunka a zafin Saudiyya

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu da suka fara buga golf a Riyad, Jidda ko Dammam ba da sabbin sanduna suka fara ba. Wani a Haraj, kasuwar kayan hannu, ya tsinci nasa, wani maigidansa ne ya bar masa da kwantiragi ya ƙare zai koma ƙasarsu, wani kuma abokin aiki ne ya sallama masa a kan kuɗi kaɗan. Irin waɗannan sanduna sukan zo da kai lafiya ƙalau, ƙota ba lanƙwasa ba tsatsa, amma mariƙin, wato robar da aka zura a ƙarshen ƙota inda hannu yake kamawa, ya daɗe da mutuwa. Sai mutum ya kwashe watanni yana zargin hannunsa, yana biyan mai koyarwa, alhali wani ɓangare na matsalar yana nan cikin tafin hannunsa.

Wasan ya samu shiga a ƙasar nan tun da aka fara gasar Saudi International a 2019 a filin Royal Greens da ke Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah, arewa da Jidda, wadda Dustin Johnson ya lashe, sannan gasar LIV ta kunno kai a 2022 da kuɗin asusun zuba jari na gwamnati. Yanzu ba Turawa kaɗai ake gani a filin Riyad ko na Dirab ba. Sai dai mai gyaran sanda ba a kowace unguwa ake samunsa ba, kuma ga wanda ba ya zaune kusa da fili, kai sanduna a baro su a koma ɗaukowa aiki ne ja. Shi kuwa sauya mariƙi, idan ka iya riƙe wuƙa kuma kana da haƙurin kankare tsohon danƙo, ka iya.

Abin da mataccen mariƙi yake yi wa bugu

Matsakaicin ɗan wasa idan ya kaɗa sandar bugun nesa, kan sandar yana gudun kusan kilomita 150 a sa'a lokacin da ya riski ƙwallo. A wannan gudun sandar neman fizgewa take yi daga hannu. Abu biyu ne suke hana ta: kaurin da mariƙi yake ƙarawa wajen gindi, wato can ƙarshen sanda ta ɓangaren hannu, da kuma kamun da roba take yi wa fata ko safar hannu. Idan roba ta yi santsi, ba ka buƙatar kowa ya ce maka ka damƙe. Hannu da kansa zai ƙara matsawa ba tare da ka sani ba. Daga nan ɓarna take farawa. Yatsu sun matse, jijiyoyin damtse sun ɗaure, wuyan hannu ya daina lanƙwasa yadda ya kamata, kafaɗa ta ɗage. Wuyan hannun da ya sandare ba ya sakin kan sanda a kan lokaci, don haka gudu ya ragu, fuskar sanda kuma ta iso a buɗe. Ga mai bugu da dama, wannan shi ne ƙwallon da yake tashi yana karkata dama har ya faɗa cikin yashi ko bayan bishiya.

Akwai kuma murɗewa. Ba kullum ƙwallo yake haɗuwa da tsakiyar fuskar sanda ba. Idan ya bugi gefe, sandar tana ƙoƙarin juyawa cikin hannu, kuma mariƙi mai santsi ba ya hana ta. Kada ka raina ɗan juyin nan. Inda fuska ta kalla a lokacin haɗuwa shi ne yake yanke mafi yawan hukuncin inda ƙwallo zai nufa, kuma karkacewar digiri ɗaya tak tana zama kusan mita uku da rabi a nisan mita 200, tun kafin a yi maganar lanƙwasar da ƙwallon zai ƙara yi a iska. Digiri uku sun isa su fitar da kai daga kan hanya.

A gajeren bugu kuwa, kusa da rami, asarar ta fi ciwo, domin can ba ƙarfi ake nema ba, laushin hannu ake nema. Wanda ya damƙe sanda kamar za a ƙwace masa ba ya iya auna mita goma da mita goma sha biyar.

Jiki ma yana ba da labari. Safar hannu tana hujewa da wuri a wajen gindin tafi, fatar hannu tana yin kanta a inda ba ta saba ba, gwiwar hannu tana tsami bayan an tashi daga wasa. Kafin ka ɗora laifin a kan shekaru, duba robar.

Dalilin da yake saurin mutuwa a nan

Kamfanonin da suke yin mariƙi sukan ce a sauya sau ɗaya a shekara ko bayan zagaye 40 na wasa, duk wanda ya riga zuwa. Wannan lissafi ne na gaba ɗaya, kuma a ganina ga mazaunin Saudiyya ya yi sassauci. Abokan gabar roba su ne zafi, hasken rana, gumi, mai da ƙura, kuma babu wanda muke da ƙarancinsa. A Riyad zafi yana kai digiri 45 a Yuli da Agusta, iska a bushe, sai roba ta ƙeƙashe ta yi tauri. A Jidda da Dammam laima ce take addaba: hannu ba ya bushewa, gishirin gumi yana shiga ramukan robar yana toshe su. Ƙara da man kariya daga rana, da man shafawa, har da turaren mai da muke gogawa a tafin hannu ranar Juma'a mu wuce fili da yamma.

Amma babban makashi shi ne but ɗin mota. Motar da aka ajiye a rana tsakiyar bazara cikinta yana haura digiri 60, kuma mutane da yawa nan ne ma'ajiyar jakarsu daga wannan Asabar zuwa waccan. Mariƙin da bai buga ƙwallo ko ɗaya ba zai iya mutuwa a nan cikin bazara guda. Zafin yana kuma raunana gam ɗin da ya riƙe kan sanda da ƙota, wanda ya fi haɗari.

Saboda haka bar lissafin kalanda, ka tambayi hannunka. Ɗauko sandar da ka fi bugawa, galibi sandar ƙarfe mai lamba 7 ko wej, sandar gajeren bugu mai ɗaga ƙwallo sama, ka kwatanta ta da wadda ba ka cika taɓawa ba. Duba ko robar tana sheƙi a haske, ko zanen da ke jikinta ya shafe a wurin babban yatsa, ko akwai ƙananan tsagu a bakinta. Danna farce: roba mai rai tana lotsawa ta dawo, matacciya ba ta motsi. Jiƙa hannu kaɗan ka riƙe kan sanda da ɗaya hannun ka murɗa. Idan ta zame cikin sauƙi, ka samu amsa.

Kafin ka kashe ko riyal ɗaya, wanke tukuna. Ruwan ɗumi, sabulun wanke-wanke, buroshi mai ɗan tauri. Ka juya mariƙin ƙasa don kada ruwa ya gangara cikin ƙota, ka goge, ka ɗauraye, ka tsane da tawul. Sau da yawa datti ne kawai ya rufe shi, kamun zai dawo. Idan ya bushe har yanzu yana sheƙi, to wanki ba zai tashe shi ba. Wasu suna goga masa sanfefa, wanda yakan saya maka mako biyu ko uku, ba fiye ba.

Zaɓe, inda ake buƙatar tunani

Aikin sakawa mai sauƙi ne. Inda mutane suke tafka asara shi ne wajen saye, don haka bari mu daɗe a nan.

Fara da kauri. Auna hannunka na sama, wato na hagu ga mai bugu da dama, daga layin wuyan hannu zuwa ƙarshen yatsan tsakiya. Ƙasa da inci 7, kusan santimita 18, ƙaramin mariƙi ne naka. Daga inci 7 zuwa 8¾ na kowa da kowa ne. Daga 8¼ zuwa 9¼ matsakaici mai ɗan kauri, abin da ya haura haka kuma babba. Ka lura awon yana shiga juna a tsakiya, domin jagora ne kawai ba doka ba. Gwajin da ya fi shi ne ka riƙe sanda yadda ka saba: yatsan tsakiya da na kusa da shi su ɗan taɓa tsokar gindin babban yatsa. Idan sun nutse ciki, mariƙin ya yi maka siriri. Idan akwai fili tsakani, ya yi kauri.

Masu koyarwa sun daɗe suna cewa siriri yana sa hannu yawan juyawa har ƙwallo ya lanƙwasa hagu, mai kauri kuma yana rage aikin wuyan hannu har ya tafi dama. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ga kowa ba. Bryson DeChambeau yana bugu da mariƙin JumboMax mai kaurin gaske, Bubba Watson kuma an san shi da jibga salatif ninki-ninki a ƙarƙashin nasa, kuma babu wanda zai ce ba sa sakin sanda. Abin da na fi yarda da shi shi ne, kaurin da ya bar ka ka riƙe a sake shi ne naka. Dattawan da gaɓoɓin yatsu suke damu sukan samu sauƙi sosai da mai kauri da laushi.

Bambancin kaurin ba shi da yawa a ido. Matsakaici ya ɗara na kowa da kowa da kashi ɗaya cikin 16 na inci, kusan milimita 1.6, babba kuma da kashi ɗaya cikin 8. Kowane ƙarin ninki na salatif a ƙarƙashi yana ƙara kusan kashi ɗaya cikin 64 na inci, wato milimita 0.4, ninki huɗu ke nan sun kai ka kusa da matsakaici. Wannan yana ba ka damar tsayawa a tsakiya, ko ka ƙara ninki a ƙarƙashin hannun ƙasa kaɗai idan shi ne mai yawan kutse.

Sai faɗin rami. Ƙarshen ƙotar maza yawanci inci 0.600 ne ko 0.580, wato kusan milimita 15.2 da 14.7, kuma a leɓen mariƙi ta ciki za ka ga an buga 60 ko 58. Idan ka zura mai 58 a kan ƙota mai 0.600 zai shiga, sai dai zai ɗan ƙara kauri kamar ninki ɗaya. Akasin haka zai fito siriri, sai ka cike da salatif. Harafin R kusa da lambar yana nufin zagayayye ne sumul. Akwai kuma mai ɗan tudu siriri a bayansa daga sama har ƙasa, wanda yake tuna wa yatsu mazauninsu. Mai tudun yana da amfani, amma idan ka saka shi a karkace zai riƙa karkatar da hannunka a kowane bugu. Wanda zai fara yau ya ɗauki zagayayye.

Wajen irin roba, garin da kake shi zai yi maka zaɓi. Mutumin Jidda ko gabas, ko duk mai yawan gumi, ya nemi mai zare a cikin robar, ko mai rabi da rabi, zare a sama laushi a ƙasa. Yana cin safar hannu, yana kuma kankare fatar wanda bai saba ba, amma ba ya zamewa a laima. A Riyad roba zalla irin Tour Velvet ta Golf Pride ko makamanciyarta ta Lamkin ta wadatar. Masu taushin nan irin na Winn suna da daɗin riƙo ranar farko, sai dai sun fi saurin sallamawa a zafi. Farare da masu launi kuwa, ƙurar wata ɗaya ta ishe su.

Nauyi ma a duba. Na kowa da kowa yana kusan giram 50, manya sukan haura 60. Duk giram 4 zuwa 5 da ka ƙara a gindi yana rage jin nauyin kan sanda da maki ɗaya a ma'aunin masu gyara. Maki ɗaya ba kowa yake ji ba, amma tsalle daga 50 zuwa 70 za ka ji sandar ta sauya hali.

Dokar wasan, wadda hukumar R&A ta St Andrews da USGA ta Amurka suke kula da ita, ta ce mariƙin kowace sanda dole ya zama zagayayye in ban da na fota, sandar tura ƙwallo cikin rami; an yarda da ɗan tudun nan miƙaƙƙe; kauri kada ya wuce inci 1.75; kuma ba a yarda da wanda aka yi wa gurbin yatsu ba. Irin mai gurbin na atisaye ne, kada ka shiga gasar kulob da shi.

Tun da sanda 14 doka ta yarda a ɗauka, cikakken saiti mariƙi 13 ne da na fota ɗaya. Amma kada ka saya duka a tashin farko. Sayi ɗaya ko biyu, ka saka a lamba 7, ka buga da shi mako guda. In ya yi, ka sayi sauran, ka ƙara ɗaya na ko-ta-kwana. Kuma ka yi hattara da na intanet da ake zubarwa a farashin banza da sunan manyan kamfanoni. Jabu sun yi yawa, araha kuma ba ta ado. Ɗora su a sikelin kicin ɗaya bayan ɗaya: na gaskiya nauyinsu kusan ɗaya ne.

Kayan aiki

Wuƙa mai baki kamar ƙugiya, irin ta masu shimfiɗa kafet, salatif mai danƙo gaba da baya, mai faɗin inci 2 ya fi sauƙi, salatif ɗin takarda na masu fenti idan za ka ƙara kauri, ruwan narkar da danƙo, ko na musamman da ake sayarwa tare da mariƙi ko farin sifirit na masu fenti da ake samu a shagunan kayan gini irin su SACO, bais, ƙarfen matsewa na kan tebur, da robar da ake rungume ƙota da ita, faranti mai zurfi na tarar ruwa, tsumma, ti guda ɗaya, wato ɗan tsinken da ake ɗora ƙwallo a kai, da na'urar busar da gashi.

Fetur kada ya shigo maganar, duk arharsa a ƙasar nan. Tururinsa a rufaffen wuri cikin zafi gobara ce take jiran ashana. Kananzir yana barin maiƙo, ba ya bushewa da wuri. Tina mai ƙarfi kuma tana cin fentin ƙotar girafayit, wato ƙota marar nauyi wadda ba ta ƙarfe ba. Ko da farin sifirit ne, yi aikin a inuwa inda iska take wucewa, nesa da murhu, sigari da garwashin shisha ko na turaren wuta.

Aikin kansa

Zaɓi lokaci tukuna. Da safe ko bayan Isha ya fi, domin a zafin rana ruwan yana tashi kafin ka gama zura robar. Kada kuma ka zuba ruwa ana dab da kiran salla. Daga lokacin da ka jiƙa salatif, ba a tsayawa sai an kai ƙarshe.

Mataki na farko, ɗaure sanda. Rungume ƙota da robar matsewa ɗan ƙasa da bakin tsohon mariƙi, ka sa a bais, kan sanda yana kallon sama yadda layin gaban fuskarta zai tsaya cak a tsaye. Wannan tsayuwar ita za ta zama ma'auninka wajen daidaitawa. Matsa har ta daina juyawa, ka tsaya nan. Girafayit yana fashewa ta ciki ba tare da ya nuna a waje ba. Wanda ba shi da bais zai iya shimfiɗa tawul a kusurwar bango ya tokare kan sanda a nan, wani ya riƙe masa, sai dai ya fi wuya.

Na biyu, yanke tsohon. Saka ƙugiyar wuƙa a ƙarƙashin leɓen mariƙi ta wajen ƙasa, ka ja zuwa gindi, wuƙa tana tafiya nesa da jikinka, ɗaya hannun yana bayanta ba gabanta ba. Tsaga ɗaya ta isa, sai ka ɓare kamar ɓawon rake. A kan ƙotar ƙarfe miƙaƙƙiyar reza ma za ta yi, amma a kan girafayit kada ka kuskura: zane ɗaya mai zurfi yana yanke zaren da ƙarfin ƙotar ya dogara a kai, wata rana sai ta karye a hannunka tsakiyar bugu.

Na uku shi ne mai cin rai, cire tsohon salatif. Kafin ka cire, ƙirga ninki nawa ne, don ka san kaurin da hannunka ya saba da shi. Wanda ya sha zafin mota yakan manne ya zama kamar fenti. Hura masa iska mai zafi na ɗan lokaci kana juyawa, sai ya saki. A kan girafayit kada ka tsaya wuri ɗaya da zafin. Kankare da farce ko gefen tsohon katin roba, ka goge ragowar danƙon da tsumma mai sifirit har ƙota ta yi sumul, ka bar ta ta bushe. Akwai masu ɗora sabo a kan tsoho don gudun wahala. Sakamakon shi ne kauri ya bambanta daga sanda zuwa sanda, da ƙulluttai a ƙarƙashin yatsu. Tun da ƙota tana tsirara, leƙa cikinta: tsatsa mai yawa a ta ƙarfe, abin da laimar bakin teku take jawowa, ko tsagewa a bakin ta girafayit, alama ce ta a kai wa mai gyara kafin a ci gaba.

Na huɗu, sabon salatif. Jera sabon mariƙi kusa da ƙota, ka yi alama inda bakinsa zai tsaya, ka sa salatif ya ƙare kusan santimita ɗaya kafin alamar don kada ya leƙo. Idan za ka ƙara kauri, na takarda ne yake fara shiga, ninki bayan ninki, kana sauya wurin haɗin don kada tudu ya taru gefe ɗaya. Sai mai danƙo biyu: shimfiɗa shi a tsaye bisa tsawon ƙota, ka bar kamar santimita ɗaya da rabi ya zarce gindi, ka naɗe gefe ɗaya sannan ɗayan, ka lallashe da yatsa kada ya yi tattara. Ɓare takardar bayansa. Abin da ya zarce ka murɗe shi ka cusa cikin ramin ƙota. Wannan toshiyar tana hana ruwa shiga ciki, tana kuma rufe kaifin bakin ƙarfe don kada ya yagi robar.

Na biyar, jiƙawa, kuma a nan rowa ba ta da amfani. Toshe ɗan ramin da ke gindin mariƙi da ti, ka zuba ruwan a ciki da yawa, ka rufe bakin da yatsa, ka girgiza har ko'ina ya jiƙe. Sa faranti a ƙasa, ka tsiyaye ruwan a kan salatif daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kana tabbatar da ƙasansa ma ya samu. Duk inda ya rage a bushe, nan robar za ta cije. Abin da ya taru a faranti na sanda ta gaba ne.

Na shida, zurawa. Cire ti ɗin, domin iska tana buƙatar mafita. Matse bakin mariƙi ya ɗan buɗe, ka shigar da shi ta ƙasan gindin ƙota a ɗan karkace har ya haɗiye bakin, sannan ka miƙar da shi ka tura a tafiya ɗaya, hannu ɗaya a baki ɗaya a gindi, tambarin yana sama. Kada ka tsaya a tsakiya duba kyau. Tura har ka ji gindin ƙota ya tokari murfin. Taɓa murfin: idan yana lanƙwasa gefe, bai kai ba.

Na bakwai, daidaitawa, kuma minti ɗaya ko biyu kake da su, a bazara ma ƙasa da haka. Yawancin mariƙai suna da ɗan zane a baki da wani a gindi. Jera su da layin gaban fuskar sanda. Cire sandar daga bais, ka buga gindinta a ƙasa sau biyu a hankali, ka ajiye kanta yadda za ka buga ƙwallo, ka duba daga sama. Ido a wannan tsayuwar ya fi ido a kan tebur. Duba kuma zanen jikin robar daga sama zuwa ƙasa ko ya murɗe a tsakiya. Sai abin da mutane suke mantawa: tsawo. Jera wani sabon da ba a saka ba kusa da shi. Idan naka ya fi tsawo, ka ja shi da yawa ya sirance, sai ka tattaro shi baya. Idan ya gaza, miƙa shi kaɗan. Goge ruwan da ya tsiyayo.

Daga nan sai haƙuri. Sa'o'i kaɗan sukan isa, amma bar su su kwana a cikin ɗaki, a tsaye, kada a but ɗin mota. Salatif ɗin da ake jiƙawa da ruwan sabulu ya fi jinkiri, ba shi yini da kwana, musamman a Jidda. Wanda ya yi gaggawar fita da su zai tarar robar ta murɗe a bugun farko ta kuma bushe a haka.

Idan mariƙi ya cije a rabin hanya, kada ka yi kokawa da shi. Zare shi nan take, ka sake jiƙa duka biyun sosai. In ya riga ya kama, ɗaga leɓensa ka tsiyaya ruwa ta ƙarƙashi da sirinji marar allura kana murzawa. In ya ƙi, yanke shi. Ranar na ko-ta-kwana ke nan.

Fota tana da nata hukunci. Gabanta a baje yake, kuma wannan bajajjen gefen dole ya yi daidai da fuskar sanda, in ba haka ba duk bugun da ka auna daidai zai kauce. Bar ta ta zama ta ƙarshe bayan hannunka ya faɗa. Masu kaurin nan irin SuperStroke, wanda Jordan Spieth ya ci gasar Masters da shi a 2015, suna shan ruwa fiye da saura kuma ba sa son a murɗa su da ƙarfi.

Akwai hanyar iska ga mai kwamfuresa, ko mai abokin arziki a shagon banshar, wato na masu facin taya. Salatif ɗin takarda kawai ake sawa, a kafa bakin bututun a ramin gindi, a riƙa sakin iska kaɗan-kaɗan ana turawa. Robar tana kumbura ta zame, kuma ana iya wasa nan take. Amfaninta shi ne za ka iya cire mariƙin lafiya ka ƙara ko ka rage ninki. Haɗarinta kuma, iska ta yi yawa robar ta fashe, don haka a sa tabarau.

Bayan an saka

Ranar farko sabon mariƙi zai yi maka baƙunta, har ka ji kamar ya fi kauri ko da awonsu ɗaya da tsohon, domin tsohon ya riga ya sirance da goguwa. Je wurin atisaye kafin fili. Fara da gajerun bugu, kana sassauta yatsu da gangan, saboda hannun da ya shekara yana damƙa ba ya daina a rana ɗaya. Idan bayan zuwa biyu ko uku ƙwallo yana ta tafiya gefe ɗaya da ba ka saba ba, duba daidaiton tambari da fuska tukuna, sannan kauri.

Kula da shi kuwa ba wuya: jaka ta kwana a ɗaki mai sanyi, tawul mai ɗan danshi a rataye a jikinta don goge mariƙi da hannu tsakanin ramuka, wanki da sabulu sau ɗaya a wata, ko duk mako biyu a bazara da bayan guguwar ƙura. Wanke hannu bayan shafa man rana. Masu yawan atisaye za su ga wej, lamba 7 da sandar bugun nesa sun riga saura gajiya. Ba laifi a sauya waɗannan kaɗai, muddin iri ɗaya ne da ninki ɗaya. Rubuta sunan mariƙin, lambar raminsa da yawan ninkin a wayarka yau ɗin nan, don lokacin da za ka sake buƙatarsu ka riga ka manta.